Yadda ake shirya yawon ganin gaɓar tekun Legas da ƙaramin jirgin sama, har a taka tsibirin Gberefu

Yawancinmu mazauna Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 mun san Ikko ne ta tagar danfo, kuma mutum yana iya shekara ashirin a garin bai taɓa ganin yadda ruwa ya yi masa ƙawanya ba. Jihar Legas tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 180, daga iyakar Seme a yamma har ta wuce yankin Lekki a gabas, kuma ƙaramin jirgi yana iya nuna maka mafi yawanta cikin awa ɗaya da rabi. Sai dai tun kafin a shiga lissafin kuɗi ya kamata a san cewa jirgi mai fukafukai ba shi da wurin sauka a tsibiran karkara na Legas. Babu titin jirgi a Gberefu, babu a Ilashe, babu a Tarkwa Bay. Daga Ikeja za ka tashi, kuma a Ikeja za ka sauka. Saboda haka tsarin da na ga ya fi dacewa shi ne a raba yawon kwana biyu, ranar farko a ga gaɓar daga sama, rana ta biyu a taka tsibirin Gberefu da ke Badagry ta jirgin ruwa.

Mataki na farko: neman jirgin da doka ta yarda a yi shatarsa

A nan aka fi yin kuskure. Jiragen da ke ajiye a ɓangaren ƙananan jirage na filin jirgin Murtala Muhammed iri biyu ne a wurin hukuma. Akwai na kamfanonin da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta ba takardar izinin ɗaukar fasinja da kuɗi, wadda ake kira AOC. Akwai kuma na masu kuɗi da suka saya domin amfanin kansu, waɗanda izininsu shi ne PNCF, kuma wannan izini bai halatta musu karɓar ko kwabo daga fasinja ba. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu daga cikin masu irin waɗannan jirage saboda sun mayar da su na haya. Abin da ya shafe ka kai fasinja shi ne inshora, domin idan aka yi tsautsayi a jirgin da ya ɗauke ka ba bisa ƙa'ida ba, kamfanin inshora yana da hujjar zare hannunsa.

Don haka idan dillali ya ce maka akwai jirgin wani Alhaji da za a ba ka a farashi mai sauƙi, ka nemi ganin abu uku kafin ka ba da kafin alƙalami: takardar AOC da sunan kamfanin a jiki, takardar inshorar da wa'adinta bai ƙare ba, da lambar rajistar jirgin da za ka hau. Jiragen da aka yi wa rajista a Najeriya lambarsu tana farawa da 5N. Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ka kuma shirya yin cigiya, domin yawancin jiragen shata a Legas jet ne na manyan 'yan kasuwa da jirage masu saukar ungulu da ke yi wa kamfanonin mai aiki, ƙananan jirage masu farfela kuwa ba su da yawa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne man da irin su Cessna 172 ke sha, wanda ake kira afgas, mai launin shuɗi, yana da wuyar samu a ƙasar nan, alhali man jet yana nan a kowane babban filin jirgi. Jiragen makarantun koyon tuƙi, kamar Kwalejin Zariya da aka kafa a 1964 da ta Ilori, na horar da ɗalibai ne, ba a shatarsu domin yawo. Idan kun kai mutum takwas ko tara, ku tambayi Cessna Caravan, wanda ke shan man jet. Idan ku biyu ne ko uku, mai kujera huɗu ya isa. A kowane hali ku fifita jirgin da fukafukinsa ke saman rufi, domin wanda fukafukinsa ke ƙasa zai tare muku rabin abin da kuka biya kuɗi ku gani.

Mataki na biyu: zaɓen wata da awa

Irin wannan tafiya ana yin ta ne bisa ƙa'idar tuƙi da ido, wato matuƙi yana kallon ƙasa da sararin da ke gabansa. Ƙa'idar ta buƙaci a iya hango aƙalla kilomita 5, kuma a kewayen filin jirgi kada gajimare ya sauko ƙasa da ƙafa 1,500. Yanayin Legas kuwa yana da lokuta biyu da ke karya wannan sharaɗi. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazon hunturu yakan sauko har bakin teku. A ganina Nuwamba ta fi kowane wata, domin ruwa ya wanke sararin sama kuma hazo bai kankama ba.

Na koyi wannan ne da kuɗina. Karon farko da na shirya tafiyar, a watan Janairu na sa ta, saboda a lissafina na ɗan Arewa rani shi ne lokacin tafiya. Muka isa filin jirgi ni da yayana tun bayan sallar asuba, muka zauna har hantsi, matuƙin yana ta duba rahoton yanayi. Daga ƙarshe ya nuna mana wani dogon gini da ke can gefen filin, wanda da ƙyar muke ganin inuwarsa, ya ce, "Alhaji, idan daga nan ba ka ganin wancan, me za ka gani daga sama?" Yayana ya ce, "Kyaftin, ko mu ɗan jira zuwa azahar?" Ya girgiza kai. Muka koma gida, kuma saboda ban sa an rubuta abin da zai faru idan yanayi ya hana tashi ba, sai da aka yi ta kai-kawo kafin kamfanin ya yarda ya ɗage mana ranar ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Game da awa, tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe ya fi. Kafin nan akwai raɓa da hazon safiya, ga kuma cunkoson manyan jiragen da ke tashi zuwa Abuja da Kano da Fatakwal. Bayan azahar ƙasa ta ɗauki zafi, iska tana tasowa tana jijjiga ƙaramin jirgi, kuma a lokacin ne hadari ya fi haɗuwa. Rahoton yanayi daga Hukumar NiMet, mai hasashen yanayi ta ƙasa, yake fitowa, matuƙi ne zai karanta shi, kuma hukuncinsa shi ne na ƙarshe. Kada ka matsa masa don ka riga ka gayyato baƙi.

Mataki na uku: awon nauyi

Za a tambaye ku nauyin kowa, kuma wannan ba wurin kunya ko ragi ba ne. Ga lissafin yadda yake a Cessna 172. Abin da jirgin zai iya ɗauka bayan nauyin kansa kimanin kilo 400 ne, kuma mai yana cikin wannan adadi. Tankinsa yana cin lita 200, wadda nauyinta ya kai kilo 145. Idan aka cika tanki saura kilo 255, a cire matuƙi mai kilo 80, saura 175, wato manya biyu ke nan da 'yar jaka. Kujera huɗu ce, amma ba ta ɗaukar ƙarti huɗu da cikakken tanki. Idan ku uku ne, matuƙi zai rage mai zuwa abin da tafiyar ke buƙata tare da rarar da doka ta wajabta, wadda ba ta gaza ta minti 30 da rana ba, sannan ya tsara wanda zai zauna gaba da wanda zai zauna baya domin kada nauyi ya rinjaya wutsiya. Wanda ya rage kilo goma a bakinsa don kada a yi masa dariya ya ɓata wannan lissafi gaba ɗaya. Ku hau sikeli a gida da kayan da za ku sa, ku aika da adadin gaskiya.

Mataki na huɗu: tsara hanya tare da matuƙi

Kwana biyu ko uku kafin tafiya ku zauna da matuƙin da taswira. Shi ne zai shigar da takardar tsarin tafiya ga Hukumar NAMA, mai kula da sararin samaniyar ƙasa, aƙalla awa ɗaya kafin tashi, kuma duk tsawon yawon yana magana da masu kula da zirga-zirgar jirage, waɗanda suna iya canza muku tsayi ko hanya saboda manyan jiragen da ke shigowa Ikeja. Hanyar da nake ba da shawara ita ce wannan.

Galibi ana tashi ne ana fuskantar kudu, saboda iskar Legas daga teku take busowa. Daga nan a karkata yamma zuwa Badagry, tazarar kimanin kilomita 50 a miƙe, wadda ba ta wuce minti 20 ba. A ƙasa za ku ga Ojo da Agbara, sannan gine-gine su fara raguwa, itatuwan kwakwa su karɓi wurin. A saman Badagry ku roƙi matuƙi ya yi kewaye ɗaya, domin a nan ne za ku ga tsibirin da za ku taka gobe: garin yana arewa, ruwan lagun mai launin ƙasa yana tsakiya, sai wani siririn yanki na rairayi da kwakwa, wato Gberefu, sai kuma farin kumfar teku. Kada ku nemi a ƙara gaba sosai. Iyakar Seme ba ta fi kilomita 20 daga nan ba, tafiyar minti shida ce kawai, kuma tsallaka ta shiga sararin Jamhuriyar Benin ne, wanda ke buƙatar izini na daban.

Daga Badagry a juyo gabas a bi bakin teku. Za a wuce Ibeshe da Ilashe, inda gidajen shaƙatawa na masu hali ke maƙwabtaka da bukkokin masunta, sannan a iso mashigar tashar jiragen ruwa ta Apapa, wadda aka yi wa katangun duwatsu biyu da suka kutsa cikin teku. A wajen mashigar za ku ga manyan jiragen dakon kaya sun yi cirko-cirko suna jiran layi, kuma daga sama ne kawai mutum ke gane yawansu. Tarkwa Bay tana gefen yamma na mashigar, Eko Atlantic kuma, wadda aka cike teku da yashi aka gina, tana gefen gabas. Idan kuka dubi arewa za ku hango gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, da unguwar Makoko a kan ruwa a gefenta. Sai Lekki da Ajah, da sabon titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, har a kai tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki da matatar man Dangote, waɗanda duka aka ƙaddamar a 2023. Daga can a yi arewa zuwa Epe, a biyo saman lagun a dawo Ikeja. Jimillar kewayen kimanin kilomita 270 ne.

Akwai abin da fasinja ba zai lura da shi ba sai an gaya masa, wato dalilin da ya sa matuƙi ba zai yi nisa cikin teku ba. Jirgi mai inji ɗaya idan injinsa ya tsaya ba faɗowa yake yi kamar dutse ba, yana sulalowa ne, kuma irin wannan Cessna yana cin kimanin mita 9 a gaba a duk mita ɗaya da ya sauko. A tsayin ƙafa 1,500 wannan yana nufin kilomita 4 kacal. Saboda haka matuƙi mai hankali zai riƙe gaɓa kusa da shi, yadda ko da wani abu ya faru zai kai ga rairayi. Haka nan ba zai sauko ƙasa da ƙafa 1,000 a saman unguwanni ba, ko ƙafa 500 a inda babu jama'a, don haka kada ka ce ya sauko ka ɗauki rufin gidanku.

Wurin zama ma yana da lissafi. Idan ana tafiya gabas ta saman ruwa, gari yana hannun hagu, kuma matuƙi a kujerar hagu ta gaba yake zama. Ke nan mai kujerar hagu ta baya shi ne ya more a doguwar tafiyar daga Badagry zuwa Lekki, wanda ke dama kuwa teku zalla zai yi ta kallo sai an juya. Ku sasanta wannan tun a ƙasa, domin ba a musayar kujera a sama.

Mataki na biyar: rubuta yarjejeniyar kuɗi

Ana cajin shata ne bisa awa, sau da yawa da dala. Ka tambaya daga yaushe awar ke fara ƙirguwa, daga tayar da inji ne ko daga barin ƙasa, domin a Ikeja ƙaramin jirgi yana iya daɗewa a layi da injinsa a kunne yana jiran manya su wuce, har da ƙarin minti biyu ko uku da ake jira bayan tashin babban jirgi saboda guguwar da fukafukansa ke bari. Ka tambaya ko kuɗin sauka da na hidimar fasinja da haraji suna cikin farashin. A rubuta abin da zai faru idan yanayi ya hana tashi, da idan aka tashi aka dawo a rabin hanya. Ka biya ta asusun kamfani, ka karɓi rasit.

Ranar tashi

Ku zo da katin shaida, ku isa awa ɗaya kafin lokaci. Babu banɗaki a ƙaramin jirgi, saboda haka a rage shayi, a kama ruwa a yi alwala tun a ƙasa. A ci abinci kaɗan mara maiƙo, domin tashi da yunwa yana kawo tashin zuciya kamar yadda cika ciki ke kawowa. Wanda ya san mota tana sa shi amai ya sha magani tun kafin a tashi, ya riƙe leda, kuma idan abin ya taso ya daina kallon waya ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa.

Batun sutura ba ƙarami ba ne. Babbar riga da hula da mayafi mai yawo ba su dace da wurin da farfela ke juyawa ba, kuma shiga ƙofar jirgin da babbar riga wahala ce. A sa kaftani ko riga da wando, mata su ɗaure mayafi da kyau, a cire hula a riƙe a hannu. Kada kowa ya kusanci hancin jirgi ko da injin a kashe yake, kuma a jira matuƙi ya ce a fita kafin a buɗe ƙofa. Mai son hoto ya sa tufafi masu duhu, domin farar shadda tana haskawa a gilashin taga ta fito a cikin kowane hoto. Ni kaina hotunana na farko rabinsu aikin wuyan rigata ne a kan tekun.

Matuƙi zai yi muku bayani kafin a tashi, ku saurara ko da kun saba hawa manyan jirage. Ku koyi buɗe ƙofa da kwance bel da hannunku. Tunda za a bi bakin ruwa, ku tabbata akwai rigar ceto ga kowa, kuma ku riƙe cewa ba a hura ta sai an fita daga jirgi, domin idan ta kumbura a ciki za ta hana mutum fita ta ƙofa. Wanda ke gaba ya janye ƙafafunsa daga fedojin da ke ƙasa, kada kuma ya riƙe sitiyarin da ke gabansa. Za a ba ku abin sawa a kunne mai makirufo saboda ƙarar inji, kuma duk lokacin da kuka ji ana magana da matuƙi ta rediyo, musamman wajen tashi da sauka, ku yi shiru. A yi addu'ar hawa abin hawa tun kafin a tayar da inji. Game da hoto kuma, hanyar tana bi kusa da sansanonin sojan ruwa na Apapa da Ojo da ma'ajiyar mai ta Atlas Cove, ku sauke kyamara idan matuƙi ya ce a sauke, kuma wanda zai ɗauki bidiyo domin kasuwanci ya gaya wa kamfani tun da wuri a nemi izini.

Rana ta biyu: taka tsibirin

Wanda aljihunsa ke da nauyi yana iya shatar jirgi mai saukar ungulu ya sauka a wani wurin shaƙatawa na bakin teku, amma sai da yardar mai wurin da izinin hukuma, kuma kuɗin zaman jira ma ana biya. Ga sauranmu, hanya ita ce a bi titin Legas zuwa Badagry ta Mile 2, Alaba Rago, Okokomaiko da Agbara, a fita tun da sassafe kafin hanya ta cushe.

A Badagry ku fara da abin da ke bakin ruwa, domin shi zai ba tsibirin ma'ana. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da gidan tarihi na garin, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, inda ƙananan ɗakunan da ake tsare mutane suke nan har yau. Garin na mutanen Ogu ne, sarkinsu ana kiransa Akran. Ku ɗauki ɗan jagora daga nan, ku yi ciniki da shi da mai jirgin ruwa a kan zuwa da dawowa gaba ɗaya, kuma kada ku biya kuɗin dawowa sai an dawo da ku. Hukumar LASWA, mai kula da hanyoyin ruwa na jihar, ta wajabta sa rigar ceto a ruwan Legas. Ku duba madaurinta yana kamawa, kuma idan kuka ga an loda wa jirgi mutane fiye da kima ku jira na gaba.

Tsallakawar 'yan mintuna ce. Daga inda aka sauke ku za ku taka kimanin kilomita 2 a cikin rairayi tsakanin itatuwan kwakwa, hanyar da bayi suka bi a ɗaure zuwa jiragen Turawa. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da mutanen garin ke cewa ana shayar da bayi ruwanta domin su manta gida, a ƙarshenta kuma bakin teku ne da ake kira wurin da ba a dawowa. Abin da jiya kuka gani kamar zare daga taga, yau zai ɗauke ku fiye da rabin awa a ƙafa, kuma rairayin yana zafi da rana, saboda haka a sa takalmi mai rufi, a ɗauki ruwan sha da lema da ƙananan kuɗi a hannu. Tsibirin ƙauye ne na masunta da masu noman kwakwa, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum. Kada kowa ya shiga tekun, ko da iya gwiwa ne, domin igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja da ƙarfi. Idan azahar ta same ku a can, alƙibla tana arewa maso gabas, wato ku ba teku baya ku karkata dama, kuma ku riƙe ruwan alwala a gora.

Ku bar tsibirin kafin ƙarfe 4 na yamma. Ba a son tafiyar ruwa bayan duhu ya shiga, masu jirage ma suna raguwa tun la'asar, ga kuma cunkoson Agbara da Okokomaiko yana jiran ku a hanyar komawa. Wanda ya kama hanya a kan lokaci yakan samu magariba a Alaba Rago.